Sifaniyancin Boda Waliu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Rijiyar Lemo yana jiran adaidaita sahu ya san Waliu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne mai adaidaitar nan da aka rubuta wa INJINIYA a baya, aka goge aka rubuta DOKTA, shi ma aka goge, yanzu fenti ya yi kauri a wajen kamar ƙanzo. Bai kai talatin ba, amma in ka haɗa shekarun da ya ce ya yi yana ƙwarewa a sana'o'i daban-daban, ya girmi kakarsa. Ya taɓa zama mai gyaran waya, har zuwa ranar da wayar mai unguwa ta koma kiran mutane da kanta. Ya taɓa kiwon kifi a bahon wankan gidansu. Kifin dai ba su yi tsawon rai ba, gidan kuma ya daɗe yana tunawa da su.

Mahaifiyarsa, Alhaja Raliat, atamfa da leshi take sayarwa a Kwari. Iyayenta daga Ogbomosho suka zo, amma ita a Fagge aka yanke mata cibiya, kuma in ta buɗe baki da Hausa sai dillalai su nemi wajen zama. Tana da wani ɗan shago a Bata, gadon mijinta. Mai askin da ke ciki ya tashi, makulli ya dawo hannunta, ta ƙulle shi a bakin zani. Kowa a gidan ya san inda makullin zai tafi: wajen Rofiat, ƙanwar Waliu, wadda aka yaye daga koyon ɗinki, kekenta na nan a tsakar gida an lulluɓe shi da tsohon labule.

Kowa ya sani, ban da Waliu.

"Iya mi, kar ki yi gaggawa," in ji shi, ana tsakiyar cin amala. "Shagon nan situdiyo ne."

"Situ me?"

"Situdiyo. Kin san masu fassarar fim ɗin Indiya? Mutum ɗaya zai shiga ɗaki ya kulle. Shi ne jarumi, shi ne jaruma, shi ne bos, shi ne uwar bos. Ya fito, a tura wa duniya a waya. To Indiya ta cika, kowa ya yi. Ni fim ɗin Sifaniyanci zan kama. Kano kaf babu mai yi."

"Boda Waliu," in ji Rofiat, wadda ke kiran yayanta Boda irin na Yarabawa, ko kai ba ta ɗago ba, "kai da in mun je gida bikin sallah Yarabancin ma sai na fassara maka?"

"Yarabanci yaren gida ne, ba ya kawo dala."

"Shi wannan ɗin yaushe ka koya?"

"Ke kina barci, wasu na karatu."

Alhaja ta suɗe yatsa, ta dube shi, ta dubi keken ɗinkin. Ta san ɗanta kamar yadda ta san atamfa mai zuba. Amma ɗan fari ne, kuma 'yan'uwan ubansa ba sa rasa abin faɗa.

"Na ji," ta ce. "Ba za a ce na danne babba na ba ƙarama ba. Ka fassara fim ɗaya, in kira ƙawayena mu kalla. In sun tashi suna sa maka albarka, makulli naka ne. In ba haka ba, Rofiat ta shiga da kekenta."

"Ki fara neman wanda zai sayi keken nan," Waliu ya ce wa Rofiat. "Ko ki bari, zan ɗauke ki sakatariya."

To shi Sifaniyancin nan da ake magana, ga yadda aka yi aka same shi. Wata rana yana zaune a inuwa yana jiran fasinja, yana latse-latsen waya, sai ga bidiyon wata baturiya a gaban allo tana koyar da yaren. Ba darasin farko ba ne, ba na biyu ba ne, can tsakiya ne. Kuma kalma ɗaya tal take juyawa: mentir, wato yin ƙarya. Ya kalla har ƙarshe, ya sake kalla, yana shirin danna na gaba data ta ƙare. Wani zai sayi data ya koma darasin farko, inda ake koyar da gaisuwa. Waliu kuwa ya ga ai an riga an gama.

Washegari da safe ya tafi teburin Abdulhafiz mai shayi, inda 'yan adaidaita ke taruwa, ya tsaya a tsaye, don mai ilimi ba ya koyarwa a zaune.

"Ku saurara ku ƙaru. Miento. Ina ƙarya."

"Mun sani," in ji Abdulhafiz, yana fifita shayi.

"Ba ni ba, kalmar! Mientes. Kana ƙarya."

"Ni? Me na ce da sassafen nan?"

"Malam, darasi ne. Miente, yana ƙarya ko tana ƙarya. Mentimos, muna ƙarya."

"A'a, tsaya nan. Kai da wa? Cire ni."

"Mienten, suna ƙarya. Har na jiya akwai. Mentiste, ka yi ƙarya. Mintió, ya yi ƙarya ya gama, ya wuce abinsa."

"Ikon Allah," in ji wani dattijo mai tsoma biredi. "Su mutanen nan ba su da wani aiki ne?"

"Ka gane ke nan, Baba! Fim ɗinsu gaba ɗaya a kan ƙarya aka gina shi. Miji ya yi wa mata, mata ta yi wa uwar miji, uwar miji ta yi wa lauya. In ka riƙe kalmar nan ka riƙe fim. Sauran duk ciko ne."

"To yaya suke cewa a ƙaro madara?" in ji Abdulhafiz.

Waliu bai ko ƙifta ido ba. "Su can ba a ƙarawa. A cike take zuwa."

Kafin azahar yaran layin duk sun haddace. In ya wuce sai su bi adaidaitar da gudu suna "Mientes! Mientes!" Shi kuma ya ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. A ganinsa makaranta ce ta fara yaye ɗalibai.

Ya je Bata wajen masu tura fina-finai a waya, aka tura masa wani mai dogon zango, na wasu attajirai masu ƙaton gida da yawan kuka. Mai turin ya ce, "Wannan fa ba fassara, ba rubutu a ƙasa." Waliu ya ce, "Ni ne fassarar." Bai zauna ya kalli fim ɗin ba. Ya ɗan ja gaba, ya ja baya, ya ga ana nuna juna da yatsa, ya ce shi ke nan, ya gane inda aka dosa.

Saura ɗaukar murya.

Karon farko a ɗakinsa ya yi. Ya sa waya a cikin kofi, ya lulluɓa mata safa, wai tana tace sauti. Ya manta bangonsa ɗaya da mai injin markaɗe. Da ya kunna ya saurara, abin da ya ji shi ne tattasai da wake suna shan wahala, can ƙasa-ƙasa kuma wani kamar an shaƙe shi yana cewa mentimos.

Karo na biyu ya kai adaidaitar ƙarƙashin bishiya, ya sauke labulen gefe, ya zauna a gaba ya maƙale murya irin ta mata. Ya shiga wasan sosai, har da hawaye. Bai ji lokacin da wata mata mai kwandon alayyahu ta ɗaga labule ta zauna a baya ba.

"Kwari za ka kai ni," ta ce.

"Ka cuce ni!" in ji Waliu da siririyar murya, yana dukan ƙirji. "Na ba ka zuciyata ka taka! Mentiste! Mentiste!"

Matar ta dubi ƙatuwar ƙeyar da muryar ke fitowa daga ciki, ta yi salati, ta dire ta bar alayyahun. Kafin ya share hawaye mutane sun kewaye adaidaitar, wani ya riƙe masa kai, wani na tofa masa addu'a a kunne, wani na tambaya, "Ke wace ce? Me ya yi miki? Ta ina kika shiga?"

"Ku sake ni, aiki nake!"

"Kun ji ko? Ta ce aiki take. Turo ta aka yi."

Da ƙyar Abdulhafiz mai shayi ya zo ya ƙwace shi. Ya ce wa jama'a su yi haƙuri, ba aljanu ba ne, haka Allah ya yi shi.

Karo na uku ya yi tunani irin na manya. Ya ji an ce kaya na shanye ƙara, kuma duk Fagge babu inda ya kai durowar Alhaja kaya. Ya bari ta tafi kasuwa, ya shige tsakanin lesuka, ya jawo ƙofa. Ranar kuwa ciwon kai ya dawo da ita gida da wuri. Tana shiga ɗaki ta ji muryar mace a durowarta tana cewa, "Duk abin da ke gidan nan nawa ne, sai na kwashe shi tas!"

Alhaja ba ta yi ihu ba. Ta lallaɓa ta murza makullin durowar, sannan ta fita ƙofar gida ta yi ihun. Matan layin suka shigo, mai muciya, mai taɓarya, wata da ludayi don shi ta samu. Aka jeru, aka buɗe. Waliu ya faɗo waje jiƙe da gumi, gwaggwaron ashoke a kansa, wayar ta yi tsalle ta faɗa gaban mai taɓarya. Ita kuma ta riga ta ɗaga, ba ta ga dalilin da za ta sauke a banza ba.

"Boda Waliu," in ji Rofiat daga bakin ƙofa, "situdiyon ne ya ƙaura?"

Ya tsince gutsattsarin wayar, ya miƙe, ya gyara gwaggwaron kafin ya tuna ya cire.

"Dama ɗaukar murya aikin 'yan koyo ne," ya ce. "Manya kai tsaye suke yi. Fim na tafiya, ina fassarawa, a gaban kowa."

Akwai wani Oga Celestine a Sabon Gari, mai gidan kallon ƙwallo, wanda Waliu ke yawan ɗauka. Shi ya ba shi aron wajen ranar da babu wasa, da la'asar, har da lasifika da makirfo. Aka sake turo fim ɗin. Alhaja ta gayyaci ƙawayenta, su kuma suka zo gaba ɗayansu, don ba kullum ake samun damar kallon ɗan ƙawa yana shirin jin kunya kyauta ba.

Benci ya cika. A sahun gaba ga Alhaja, tana ta murmushi don haƙorin Makkanta ya sha haske. Kusa da ita Hajiya Falmata mai turaren wuta, wadda ƙamshinta ke riga ta shiga waje, ya kuma daɗe bai bi ta gida ba. Ita da Alhaja aminai ne irin waɗanda ke rungumar juna kowace na duba ɗinkin 'yar'uwarta. Madam Uchechi, matar Celestine, ta bar firjin lemonta a bakin ƙofa ta zo ta zauna. Rofiat na can benci na ƙarshe, ta harɗe hannu. Waliu kuwa ya sha kwat da baƙin tabarau a cikin wannan zafi, ya bubbuga makirfo.

"Jama'a, mentimos," ya ce, don ya ga ya kamata a buɗe taro da wani abu.

Fim ya fara. Wata budurwa ta shigo wani falo, ta tarar da wani tsoho a kujera, ta fara magana. Waliu ya kasa kunne yana jiran kalmarsa. Ba ta zo ba. Budurwar na ta zuba, shi yana ta jira, jama'a na kallonsa.

"Ta ce, ina wuni Baba," ya fara. Ya sauya murya. "Lafiya lau. Ya gida? Lafiya. Ya gajiya? Ba gajiya. Ya aiki? Da godiya. Ya... ya zafi? Lokacinsa ne."

Budurwar ta zube a ƙasa ta kama ƙafar tsohon tana rusa kuka.

"Ya mutanen gida?" in ji Waliu.

"Wai gaisuwar ce ta sa ta wannan kukan?" Hajiya Falmata ta tambaya.

"Al'adarsu ce, Hajiya. Suna ji da gaisuwa."

Gumi ya fara bin kwat. Can baya Rofiat ta fara auna labulen shago a zuciyarta. Sai Allah ya kawo wani mai gashin baki, ya shigo wani ɗaki yana sanɗa, matarsa ta juyo, ta ɗauki kofin gilas ta maka a bango.

"¡Mientes!" ta ce.

Waliu ya yi tsalle har tabarau ya zame. "ƘARYA KAKE!"

Gidan ya ɗauki tafi. Ai kowa ya ga fuskar mai gashin bakin, ya san an faɗi daidai. Alhaja ta juya hagu da dama. "Ɗana ne," ta ce, ko da akwai wadda ta manta. Hannunta ya kai bakin zani.

Sai dai matar fim ɗin ba ta tsaya nan ba. Ta ci gaba da magana, tana lissafi da yatsu, kamar injin markaɗen maƙwabta. Aka bar tafi aka zuba wa Waliu ido.

"Ehen?" in ji Madam Uchechi. "Wace ƙaryar ya yi?"

Wannan fa baturiyar allo ba ta koyar ba. Waliu ya leƙa cikin kansa ya ga wayam. Ya sake leƙawa, can ƙurya, sai ya tarar da wani rumbu a cike. Mutane in sun shiga adaidaita suna ɗauka ƙeyar direba ba ta da kunne. Su yi waya, su yi gulma, su ce a tsaya a nan kar a faɗa wa kowa. Shekara da shekaru yana tara wannan kaya bai san ranar amfaninsu ba.

Ya maƙale murya. "Ta ce, duk ranar Laraba sai ka ce min ka tafi taron maza a coci! Ashe gidan farfesun kan akuya kake zuwa, a layin bayan tasha! Ka ci faranti biyu, ka goge baki, ka dawo ka ce min ba za ka ci abincina ba, wai kana cikin addu'a!"

Dariya ta ɓarke har wata na dukan benci. Mutum biyu ne ba su yi ba. Ɗaya Oga Celestine, wanda ke tsaye wajen talabijin, ya fara ja da baya kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Ɗaya Madam Uchechi.

"Ranar me ka ce?"

"Laraba, madam. Ita ta faɗa, ni fassara nake."

"A Sifaniya ma akwai layin bayan tasha?"

"Ko'ina akwai tasha, madam."

Ta miƙe a hankali, ta ɗaure zani sama da cibiya. "Celestine. Zo. Zo ka faɗa min ayar da kuka karanta makon jiya."

"Darling, fim ne fa!"

"Na sani. Zo mu yi namu a waje."

Aka fita da shi ta ƙofar baya, riƙe da wuyan riga. Mai hankali a nan zai ce wuta ta lalace, a tashi. Waliu kuwa dariyar kawai ya ji. Tunda aka haife shi ba a taɓa yi masa dariyar da yake so ba sai yau. Ya cire kwat ya rataya a kafaɗa.

Fim ya kai wajen wata liyafa. Mata biyu sun haɗa kai suna kallon wata ta uku mai ƙatuwar sarƙa. Ɗaya ta rufe baki da mafici ta ce, "Miente."

"Ta ce ƙarya take!" in ji Waliu, yanzu ko jira ba ya yi a tambaye shi. "Turaren nan da take cewa kakarta ce ke haɗo mata daga Maiduguri, sirrin gidansu ne, wallahi a nan kasuwar Sabon Gari take sarowa, wajen wani mai tebur! A buhu! Ta je gida ta juye a kwalabe, ta ɗaura musu zare mai kyalli!"

Sai rabin matan da ke wajen, waɗanda kowace ke da kwalba mai zare mai kyalli a kan madubinta, suka juyo a tare suka dubi sahun gaba.

Hajiya Falmata ta miƙe, ta watsa masa yatsu biyar. "Kai yaro! Uwaka!"

"Hajiya," in ji Alhaja, "ga ni nan fa a zaune."

"To ki ja masa kunne!"

"A kan me? Fim ne, Hajiya. Turawa ne ke maganarsu. Ke me ya tsone miki ido? Ai ba a kama suna ba." Ta kwashe da dariya har da jingina, haƙorin na walƙiya. An daɗe Alhaja ba ta ji daɗin la'asar irin wannan ba. Ta kwance bakin zani, makulli ya fito fili, ta riƙe shi a hannu tana kaɗawa.

Waliu ya gani. Rofiat ma ta gani, ta sauke hannun da ta harɗe. Shago ya zo har bakin ƙofa. Abin da ya rage masa kawai ya ce nan za mu tsaya, a yi addu'a a watse.

Amma a talabijin an nuno wata dattijuwa, uwar gidan gaba ɗaya, zaune a kan doguwar kujera tana ƙyaƙyata dariya. Wani saurayi ya shigo, ya nuna ta da yatsa, ya juyo ya fuskanci jama'ar falon.

"¡Mintió!" ya ce.

Na jiya! Wanda ya fi wuya! Waliu ya ji kamar an kira lambarsa a gasa. Bakinsa ya riga kansa tashi.

"Ya ce, uwata ma ta yi ƙarya! Makka dai ta je, ba a hana ta ba, amma tsaraba ta cinye guzirin, ta dawo da bakinta yadda ta tafi da shi! Haƙorin nan a nan Fagge aka sa mata, wajen wani mai ɗan shago a bayan masu gyaran agogo! Ta rufe fuska da mayafi, ta ce in jira ta a kwana! Ni na kai ta a adaidaita!"

Lasifikar ta maimaita "adaidaita" sau ɗaya, ta yi shiru.

A talabijin saurayin na sanye da farar kwat, ga wata doguwar mota a bayan taga. Ko makaho ya san wannan bai taɓa ganin adaidaita ba.

Alhaja na tsakiyar dariya abin ya same ta. Bakin ya tsaya a buɗe. Sannan leɓen sama ya fara saukowa a hankali, a hankali, kamar ana rufe shago, har ya lulluɓe haƙorin.

Hajiya Falmata ta koma ta zauna, ta gyara mayafi, ta dafa gwiwar aminiyarta.

"Fim ne, Alhaja," ta ce da taushin murya. "Ai ba a kama suna ba."

Can tsakiya wata mata ta tuna ita ma jiya-jiyan nan a adaidaitarsa ta dawo daga unguwa, tana waya tun daga Bata har gida. Ta zabura. "A kashe! A kashe kafin a zo kaina!"

Nan fa kowa ta tuna nata. Benci ya kife. Wasu suka yi kan talabijin suna neman inda ake zarewa, wasu suka yi kan mai fassara. Silifa ta fara sauka kamar ruwan farko. Waliu ya shige ƙarƙashin tebur, ya manta makirfo na hannunsa, don haka har masu sayar da taya a bakin titi sun ji shi.

"Wallahi ba ni ba ne! Baturen ne ya faɗa! Anti, ke ai ban faɗi naki ba, na zoben nan da kika..."

"Rufe min baki!"

Oga Celestine ya leƙo ta ƙofar baya, kunne ɗaya ya fi ɗaya ja, ya ga abin da ake yi wa bencinsa, ya ga wanda ake yi dominsa, ya koma ya ja ƙofar.

Alhaja ce ta raba. Ta ratsa cikin matan, ta sunkuya, ta fizge makirfon. Ta yi magana leɓe a haɗe, kamar mai riƙe da allura a baki, amma kowa ya ji.

"Rofiat."

"Na'am, Iya mi."

"Zo ki karɓa."

Rofiat ta taho tana tsallake silifa, ta durƙusa har ƙasa, ta karɓi makullin da hannu biyu.

"Kai kuma," in ji Alhaja, tana kallon ƙafafun da suka leƙo daga ƙarƙashin tebur, "gobe da safe kai za ka kai mata kayanta. A adaidaita. Tunda ka iya kai mutane."

Da safe aka ɗaure keken ɗinki a bayan adaidaita, aka cusa buhun ƙyallaye a gefe. Alhaja da Rofiat suka shiga baya. Waliu ya tayar, goshinsa da shatin silifa, lamba arba'in ko sama da haka.

An wuce teburin mai shayi ba wanda ya ce uffan, aka hau titi.

"Ni dama shagon ya yi min kaɗan," in ji Waliu. "Situdiyo na gaske sai da bene."

Shiru.

"Kuma jama'ar jiya ba su waye ba. A Sifaniya in mai fassara ya yi irin wannan, ɗaga shi ake yi sama."

Ko tari. Ya saci kallo ta madubi. Uwa da 'ya sun sunkuyar da kai, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowace da wayarta a hannu. Yatsan Alhaja ya yi ta tafiya, ya tsaya. Wayar Rofiat ta yi ƙara. Ta karanta, ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Ta rubuta nata. Wayar Alhaja ta yi ƙara. Alhaja ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi dariya a ciki har da share ido.

Waliu ya daure har kwanar Bata. Daga nan ya kasa.

"Iya mi, wai me kuke cewa ne?"

Alhaja ta ɗago, suka haɗa ido a madubi.

"Fassara," ta ce, ta mayar da kai kan wayarta.